Kuɗin Fari a Gundumar Simaron

Can a ƙurewar yammacin jihar Oklahoma, cikin ƙasar Amurka, akwai wata gunduma wadda Turawa ke rubuta sunanta Cimarron, amma a baki Simaron a ke cewa. Yawancinta ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya kamar faifai, ba itatuwa sai jefi-jefi, har matafiyi ya kan hangi gari tun da sauran tafiya mai nisa a gabansa. Girmanta ya ɗara murabba'in mil 1,800, ta kuwa yi iyaka da jihohi huɗu, watau Kolorado da Kansas da Teksas da Niyu Meksiko. Babban garinta shi ne Boise City. Ruwan saman da a ke samu can a shekara bai wuce inci 17 ko 18 ba, wajen rabin abin da ƙasar Kano ta saba samu ke nan. Abin da gundumar ke da shi a wadace iska ce, wadda ba ta hutawa rani da damina.

Labarin wannan wuri ya isa a karanta shi, domin a nan, da gundumomin da ke maƙwabtaka da shi, aka gwada wata magana mai nauyi. In fari ya cinye gonar talaka, mene ne ya wajaba a kan Gwamnati? In kuwa ta yarda za ta biya, wa za ta biya, nawa, da wane awo, kuma yaushe? Kowa yana iya buɗe baki ya ce a taimaki manomi. Wuyar tana wajen rabo.

Kafin zuwan garma, ƙasar nan ciyawa ce ta rufe ta, wata irin gajeruwar ciyawa mai saiwa birjik, wadda ta kama ƙasa kamar saƙar tabarma. Ɓauna ke kiwo a kanta, mutanen asali na ƙasar kuma, su Komanci da Kiyowa, suna bin ɓaunan suna farauta. A cikin shekarun 1870 aka karkashe ɓaunan, aka tilasta wa masu ƙasar barinta. Daga 1850 zuwa 1890 wannan yanki ba ya cikin kowace jiha, har a ke ce masa Ƙasar Ba Mai Ita. Bayan haka aka buɗe shi ga baƙi bisa wata doka ta 1862, wadda ta ce duk wanda ya zauna a kan eka 160 ya noma ta shekara biyar, ta zama tasa. A 1907 Oklahoma ta zama jiha, aka yanka gundumar Simaron. Shi kansa Boise City da ha'inci aka fara shi. A 1908 waɗansu 'yan damfara suka buga takardu da hotunan gari mai itatuwa da tituna, suka yi ta sayar wa mutanen nesa filaye. Da masu saye suka iso, sai suka tarar da fili fetal. An kama macutan an ɗaure su, amma waɗansu cikin waɗanda aka cuta suka ce tun da an zo an zo, suka zauna.

Alkama ce ta sauya kome. A lokacin Yaƙin Duniya na Farko ƙasashen Turai suka matsu da abinci, Gwamnatin Amurka ta tsayar wa alkama farashi da ya kai dala 2 a kowane bushal. Shi bushal awo ne nasu, wanda in na alkama ne nauyinsa laba 60; dala guda kuwa senti 100 ce. Sa'an nan ga motar noma ta shigo, wadda ke kafce a yini guda abin da dawaki ba su gamawa a mako. A 1925 hanyar jirgin ƙasa ta iso Boise City, shekarun da suka biyo baya kuma aka sami ruwa daidai gwargwado. To, sai kowa ya zuba wa ciyawar nan garma. Har aka sami waɗansu da a ke yi wa laƙabi da manoman akwati: malamin makaranta ne, ko mai kanti, ko ma'aikacin banki a wani gari mai nisa, ya zo da akwatin tufafinsa ya yi shuka cikin mako biyu ya koma, ba a sake ganinsa sai ranar girbi.

A 1931 alkama ta yi kyau irin wanda ba a taɓa gani ba, kyan nan kuwa shi ya zama masifa. Kasuwar duniya ta riga ta faɗi tun 1929, masu saye ba su da kuɗi, rumbuna sun cika sun batse, har a ke jibge hatsi a ƙasa a bakin tasha. Bushal ya faɗo zuwa wajen senti 25, bai ko mai da kuɗin noma ba. Manomin da ya ci bashin motar noma ba shi da wata dabara sai ya ƙara faɗin gona, ko ya sami abin biya. Yana cikin haka sai ruwa ya ɗauke.

Irin alkamar da su ke nomawa a kan shuka ta wajen Satumba, ta tsiro ta rufe ƙasa, ta kwana cikin sanyi, a girbe ta a Yuni ko Yuli. In ta tsiro, ita ce rigar gona sa'ad da iskar Fabrairu da Maris da Afrilu ke kaɗawa. In ba ta tsiro ba, gona tsirara ta ke, ga shi an riga an kashe ciyawar da ke riƙe da ita, an niƙe ƙasar da garma ta yi laushi kamar gari. Daga 1932 iska ta fara kwasar gonaki tana zubawa a kan shinge da rijiyoyi da ɗakunan mutane.

A watan Maris na 1933 Franklin Roosevelt ya zama Shugaban Ƙasa, a watan Mayu kuma Majalisa ta yi dokar daidaita aikin gona. Abin mamaki shi ne, ba don fari aka yi dokar nan ba, don yawan hatsi aka yi ta. Nufin Henry Wallace, wanda ke riƙe da ma'aikatar gona, shi ne a rage noma domin farashi ya tashi. Aka ce duk mai alkamar da ya sa hannu zai rage gonarsa da kashi 15 cikin 100, za a biya shi kusan senti 30 a kowane bushal, a kan kashi 54 cikin 100 na abin da ya saba samu a shekarun baya. Kuɗin kuwa daga harajin da aka ɗora wa masu injin niƙa za su fito. To, ga mutumin Simaron, wanda iska ta riga ta rage masa gona ba kashi 15 ba, kusan duka, wannan magana kamar an ce wa mai azumi kada ya ci abinci ne, a kuma biya shi lada. Tun da ya ke da girbin shekarun baya a ke lissafi, ba da na bana ba, ko gonarsa ba ta ba da ƙwaya ɗaya ba kuɗinsa na nan. Ta haka dokar da aka yi don maganin yalwa ta zama kuɗin fari na farko da ya shiga hannun yawancin manoman wannan yanki. A gidaje da yawa, cek ɗin Gwamnati shi kaɗai ne kuɗin alkama da aka gani a shekarar.

Yadda aka bi aka san abin da kowa ya saba samu, akwai hikima a ciki. Ba a aiko wani baƙo daga Washinton ya zo ya auna gonaki ba. Manoman gunduma su suka zaɓi kwamiti daga cikinsu, kowa ya zo ya faɗi ekarsa nawa, girbinsa nawa, sa'an nan aka buga abin da kowa ya faɗa a jaridar gunduma, da sunansa. Mutum yana iya yi wa malamin Gwamnati ƙarya, amma da wuya ya yi wa maƙwabcin da ya taya shi girbi. Kuma da ya ke an riga an ƙayyade wa gunduma jimlarta, duk wanda ya ƙara wa kansa, daga rabon 'yan'uwansa ya ɗiba, sabo da haka kowa ya karanta jaridar nan da idon basira. Har yanzu a Amurka manoma na zaɓen irin wannan kwamiti a gundumominsu.

Amma fa awon yana da aibi, aibin kuwa ba ɓoyayye ba ne. Da abin da mutum ya mallaka a ke auna shi, ba da abin da ya ke bukata ba. A ɗauki mutum biyu. Na farko ya saba samun bushal 1,000, sai a ba shi wajen dala 150. Na biyu ya saba samun bushal 10,000, sai a ba shi wajen dala 1,500. Cikin 'ya'yansu ɗaya ne, farashin gari da kananzir a kanti ɗaya ne. Wanda ya fi kowa kafce ciyawa a shekarun yalwa, watau wanda ya fi kowa hannu a cikin ɓarnar, shi ya fi kowa samu. Manomin akwati yana zaune a garinsu, ƙurar gonarsa tana binne gidan maƙwabcinsa, cek ɗinsa yana iske shi ta gidan waya. Mai haya gona ya raba da mai gona. Ɗan ƙodago kuwa, wanda ba shi da ko taki ɗaya na ƙasa, ba sunansa a takarda ko kaɗan, sai dai ya bi layin masu neman agajin abinci, ko aikin gyaran hanya da Gwamnati ta buɗe. Har wa yau waɗansu manyan manoma da kuɗin nan suka ƙaro motocin noma, suka sallami 'yan ƙodagonsu da masu hayar gonakinsu. Ba wanda ya yi nufin haka, amma ruwa ba ya bin tudu, inda kwari ya ke nan ya ke taruwa.

Maganar shanu ita ce ta fi taɓa zuciya. A 1934 fari ya game kusan dukan tsakiyar Amurka. Makiyaya ta ƙone, tafkuna suka ƙafe, mutane suka koma yankan wata ƙaya mai mirginawa cikin iska suna sa mata gishiri suna ba dabbobi. Shanu suna kiwo suna haɗiyar ƙasa tare da ɗan abin da suka samu, har ta cushe musu ciki. Ba halin a sayar, domin kowa sayarwa ya ke so ya yi, saniya ba ta mai da ko kuɗin jirgin da zai kai ta kasuwa. Ba halin a riƙe, domin ba abin ba ta. A watan Yuni Gwamnati ta fara sayen shanun da kanta.

Ga yadda a ke yi. A kan sa rana, mutum ya tara garkensa, likitan dabbobi ya zo tare da mai kimanta kuɗi. Ɗan maraƙin da bai shekara ba, daga dala 4 zuwa 8. Mai shekara ɗaya zuwa biyu, daga dala 10 zuwa 15. Wadda ta shekara biyu ko fiye, daga dala 12 zuwa 20. Likita ya duba kowace dabba. Wadda ke da sauran ƙarfi a ɗora ta a jirgi, a kai ta inda akwai ciyawa ko a kai ta mahauta, a sa naman a gwangwani a raba wa matalautan birane. Wadda ta rame ƙwarai, a kora ta bakin rami a harbe ta nan take, a binne. Kafin a rufe sayen a farkon 1935, Gwamnati ta sayi shanu fiye da miliyan 8 a kan kuɗi wajen dala miliyan 111, waɗanda aka harbe kuwa sun fi miliyan guda.

Duk wanda ya taɓa kiwo ya san saniya ba kuɗi kaɗai ba ce. Akwai wadda aka yi renonta tun tana 'yar maraƙa, wadda yaran gida suka sa wa suna, wadda nononta ya yaye su. Mai ita ya san uwarta, ya san kakarta. Ga shi yau wani baƙo ya dube ta sau ɗaya ya rubuta dala 12, ya ɗaga hannu a wuce da ita. Tsofaffin wannan ƙasa da suka ga abin suna yara, har suka tsufa ba su bar ba da labarin ƙarar bindigogin ranar ba. Duk da haka yawanci sun sayar, domin sun san in ba su sayar ba, ungulu ce za ta ci, ita kuwa ba ta biyan ko senti.

A cikin tsarin sayen nan akwai wani ɗan sharaɗi da ya kamata a tsaya a kansa, domin ya fi waɗansu manyan dokoki amfani. Yawancin shanun nan jingina su ke a banki. Da an biya kuɗin a dunƙule, da mai bin bashi ya tare su tun a ƙofa, mai shanu ya koma gida ba saniya ba kuɗi. Sai aka raba kuɗin kowace dabba gida biyu. Kashi ɗaya kuɗin saye ne, wannan mai bin bashi yana da hakki a ciki. Ɗaya kashin kuwa aka ce na mai kiwo ne shi kaɗai, ba mai taɓa shi: dala 3 a kan maraƙi, dala 5 a kan matsakaiciya, dala 6 a kan babba. Watau in an kimanta saniya dala 16, ko da banki ya kwashe 10, dala 6 na nan a aljihun wanda ya sha wahalar kiwonta. Mai shanu manya 30 ya tashi da dala 180 nasa na kansa, abin da zai riƙe iyali har sanyi ya wuce in an yi tattali. Wanda ya tsara wannan sharaɗi ya san cewa taimakon da aka miƙa wa mai bashi, in ba a yi masa shinge ba, ba shi aka taimaka ba.

Kada mai karatu ya zaci da murna aka karɓi kuɗin nan duka. Mutanen wannan yanki masu ji da kansu ne, iyayensu sun zo da keken doki sun haƙa ɗaki cikin ƙasa sun zauna, ba su roƙi kowa ba. Karɓar sadaka abin kunya ne a wurinsu. Shi ya sa kuɗin alkama da na shanu suka fi shiga musu rai bisa ga buhun gari na agaji: wancan ciniki ne, an sa hannu a takarda, na ba ka ka ba ni, wannan kuwa bara ce. Masu mulki sun gane haka, suka riƙa sa wa taimako rigar ciniki. Dabarar ta tsare mutuncin mai gona, amma ta daɗa nisanta shi da wanda ba shi da abin sayarwa, wanda shi dole ya tsaya a layi kowa na ganinsa.

Ran Lahadi 14 ga Afrilu 1935 gari ya waye garau, ba iska, mutane suka buɗe tagogi suka shanya kaya. Can da la'asar sai ga wani baƙin bango ya taso daga arewa, ya haɗe sama da ƙasa, tsuntsaye na gudu a gabansa. Da ya rufe Boise City, mutum ba ya ganin tafin hannunsa. Wani ɗan jarida mai suna Robert Geiger yana kusa da garin a ranar, a cikin labarin da ya aika ne ya kira yankin Kwanon Ƙura, sunan kuwa ya bi shi har yau. A wannan shekara ciwon huhu na ƙura ya kama mutane da yawa, tun ba yara da tsofaffi ba. Ƙurar ba ta tsaya nan ba, ta yi tafiyar mil fiye da 1,000 ta rufe sararin Washinton kanta, daidai lokacin da wani masanin ƙasar noma, Hugh Bennett, ke roƙon 'yan Majalisa su kafa ma'aikatar kiyaye ƙasa. Ran 27 ga Afrilu aka sa hannu a dokar.

Daga nan manufar biyan ta juya. A watan Janairu na 1936 Kotun Ƙoli ta rushe harajin masu niƙa, ta ce dokar 1933 ta wuce ikon Gwamnatin Tarayya. Kafin Fabrairu ya ƙare Majalisa ta yi sabuwa, wadda ke biyan manomi daga baitulmali domin ya kiyaye ƙasarsa. Aka riƙa ba da 'yan senti a kowace eka, kuɗin man mota, don mutum ya yi wa gonarsa huɗa mai zurfi, kunyoyin su gitta wa iska, su tare ƙasar da ke tashi, su kuma riƙe ɗan ruwan da ya sauka. Aka biya masu shuka dawa layi-layi tsakanin alkama, da masu barin karan a tsaye bayan girbi. Wannan biya ya fi na farko ma'ana, domin gonar da ke tashi ba mai ita kaɗai ta ke cuta ba. Mutum ya yi huɗarsa tsaf, in maƙwabcinsa na gefen iska ya yi sakaci, da safe sai ya tarar an binne masa aiki. Gonakin da suka lalace ƙwarai kuwa Gwamnati ta saye su daga masu su, ta mai da su makiyaya. Daga cikinsu ne aka sami makiyayar Rita Blanca, wadda ta ratsa Simaron da gundumar Dallam ta Teksas, aka ba ta wannan matsayi a 1960.

Shin kuɗin sun yi aiki? A ƙidayar 1930 mutanen Simaron 5,408 ne. A ta 1940 ba su kai 4,000 ba, watau wajen sulusi sun tashi. Mai neman aibi ya ce ga shi nan, an zuba kuɗi mutane sun gudu. Amma wanda ya dubi shekara takwas da aka yi ana shuka ba a girbin kirki, abin da zai ba shi mamaki shi ne waɗanda suka zauna, su ne kuwa suka fi yawa. Da ba don cek ɗin nan ba, da rancen iri da na abincin dabbobi, da sabunta jinginar gonaki da aka yi, da wuya a ce rabinsu za su kai 1941, shekarar da ruwa ya komo sosai. Sai dai in an tambaya su wane ne suka zauna, su wane ne suka tashi, amsar tana komawa ga awon nan na farko. Gonakin waɗanda suka tashi ba su ɓace ba, maƙwabta masu ƙarfi suka haɗa da nasu.

Akwai kuma wata tuhuma da masana suka daɗe suna yi, ita ma ba a iya ture ta. Sun ce taimako ya kan hana mutum koyon darasin da fari ya zo koya masa. Da ruwa ya komo, Yaƙin Duniya na Biyu ya ɗaga farashin alkama, sai aka sake zuba wa ciyawa garma, har da wuraren da aka sha wuya kafin a rufe su. A shekarun 1950 fari ya dawo, ƙura ta sake tashi, Shugaba Eisenhower ya zaga jihohin da abin ya shafa a watan Janairu na 1957, aka sake buɗe baitulmali. In mutum ya san riba tasa ce, hasara kuwa za a raba da shi, me zai hana shi noma fako? Wannan gaskiya ce. Amma ita ma Gwamnatin ba baƙuwa ba ce a cikin laifin. Ita ta raba ƙasar eka 160-160, awon da ya dace da inda ruwa ke da yawa, ita ta kira mutane su noma alkama sa'ad da ta ke bukatar ciyad da mayaƙa. Wanda ya gayyaci mutum gona, ba ya cewa ba ruwansa ran da maciji ya sare shi.

Tun daga wancan zamani a ke ta gyaran awo. A 1938 aka kafa inshorar amfanin gona ta Gwamnati, aka fara da alkamar 1939, da bushal a ke lissafin abin da mutum zai zuba da abin da za a biya shi. A dokar wannan shekara kuma aka sa iyaka, aka ce kada a ba mutum ɗaya fiye da dala 10,000. Inshorar nan ta girma har ta zama babbar garkuwar manoman Amurka, Gwamnati na ɗaukar wajen kashi 60 cikin 100 na kuɗin zubi. A 1985 aka fito da wani tsari na haya: manomi ya mai da gonarsa mai saurin zaizayewa ciyawa har shekara 10 ko 15, a riƙa biyansa kowace shekara. Gonaki masu yawa a Simaron sun shiga wannan tsari. Ƙura ta ragu, amma gonar da ba a nomawa ba ta sayen iri, ba ta sayen mai, ba ta ɗaukar ɗan ƙodago, sabo da haka masu kantunan gari ba su yi murna da shi kamar masu gonaki ba.

Na masu shanu kuwa, likita da bindiga sun ba taswira wuri. Tun 1999 masana ke fitar da taswirar fari ta ƙasar duka kowace Alhamis, suna shafa wa kowane yanki launi gwargwadon tsananin farinsa. Dokar 2008 ta ɗaura biyan makiyaya a kan wannan taswira, dokar 2014 kuma ta tsara shi haka: in wani sashe na gunduma ya yi mako takwas a jere cikin fari mai tsanani, a biya masu kiwonta na wata ɗaya; in ya kai matuƙa ya yi mako huɗu a haka, a biya na wata biyar; abin da a ke biya kuwa kashi 60 cikin 100 ne na kuɗin abincin dabba. Wannan awo ba ya karɓar toshi, ba ya sanin ɗan wane. Amma shi ma da iyakar gunduma ya ke aiki, fari kuwa bai san iyaka ba. Mutum biyu da waya ɗaya ta raba makiyayarsu, ɗaya a Simaron ɗaya a Kolorado, ana iya biyan wannan a bar wancan.

Saura maganar lokaci. A 2011 fari mai tsanani ya sake kama Simaron da dukan kudancin wannan fili, masu shanu suka yi ta kai garkensu kasuwa. Ana tsakiyar haka, ran 30 ga Satumba na wannan shekara, wa'adin dokar biyan makiyaya ya cika. 'Yan Majalisa suka kasa shiryawa a kan sabuwa, 2012 ta wuce, 2013 ta wuce, fari bai ɗaga ba. Sai a watan Fabrairu na 2014 aka sa hannu, aka ce za a biya har hasarar baya tun daga 1 ga Oktoba 2011, aka buɗe rajista ran 15 ga Afrilu. Kuɗi sun fito da yawa, sun kuwa share wa mutane bashi. Amma wanda ya sayar da shanun da ya yi shekara 30 yana zaɓen irinsu, da cek ɗin ya iso sai ya tarar saniya ta yi tsadar da ba a taɓa gani ba, domin garken ƙasar duka ya ragu. A 1934, ba taswira ba na'ura, tsakanin yanke shawara da fara sayen shanu 'yan makonni ne kawai.

A ƙidayar 2020 mutanen gundumar Simaron 2,296 ne, ba su kai rabin na 1930 ba. Gonaki sun ƙara faɗi, waɗansu ana shayar da su da ruwan da a ke jawowa daga ƙarƙashin ƙasa, ruwan kuwa yana ja da baya. A Boise City ofishin ma'aikatar gona na nan, can masu gona da masu shanu ke kai takardunsu in launin gundumarsu ya sauya a taswirar ran Alhamis.